Yadda muka haɗa bidiyon koyar da rali a warsharmu ta Jidda

Ina da ƙaramar warsha a unguwar masana'antu da ke kudancin Jidda, inda ni da ma'aikata huɗu muke gyaran ƙafar mota, wato shokozoba da birki da duk abin da ke riƙe da taya, kuma galibin motocin da ake kawo mana Hilux ne da Land Cruiser da Patrol na masu fita daji a ƙarshen mako. Kakana ya taso daga Kano a ƙafa, ya ratsa Sudan ya tsallaka teku, mahaifina ya yi tuƙin motar alhazai tsakanin Jidda da Makka har ƙarfinsa ya ƙare, ni kuwa rabona ya tsaya a ƙarƙashin mota da sifana a hannu. Ban taɓa koyon ɗaukar hoto ba, kuma abin da ya kai ni ga haɗa bidiyo gajiya ce da maimaita bayani ɗaya ga samarin da ke shigowa warsha.

Tun da aka kawo gasar rali ta Dakar ƙasar nan ta Saudiyya a watan Janairun 2020, aka kuma tashi motocin daga nan Jidda, maganar rali ta shiga bakin yaranmu, sannan ta ƙara ƙarfi a 2025 lokacin da Yazid Al-Rajhi ya zama ɗan Saudiyya na farko da ya ci gasar a rukunin motoci. Dattawanmu da suka fito daga Nijar sun riga mu sanin wannan gasa, domin tun fitarta ta farko, wadda ta tashi daga Faris a ƙarshen Disamban 1978, ta bi ta Agadas. Sai dai abin da yaran suka ɗauka daga talabijin shi ne ƙura da ƙarar inji, har wasunsu ba sa bambanta rali da wasan ganganci da mota da ake kira tafhiɗ a nan, wanda doka ta hana, kuma yake jawo tara mai nauyi da ƙwace mota. Saurayi zai shigo ya ce yana son a mayar masa da motarsa ta rali, idan na tambaye shi abin da yake nufi sai ya nuna mini salansa, ya ce a sa wadda ake ji daga nesa.

A duk lokacin da haka ta faru nakan ajiye aikina in yi masa bayani cewa rali iri-iri ne. Akwai na gudu, wanda ake yi a hanyar da aka rufe wa jama'a, da mota mai kejin ƙarfe a ciki da hular kwano da lasisi daga hukumar wasannin mota da babur ta ƙasa, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun irinmu. Akwai kuma na bin hanya da kiyaye lokaci, wanda motar gida mai lafiya ta isa a shiga da ita, kuma a cikinsa wanda ya isa wurin alƙalai kafin lokacin da aka yanka masa ya yi laifi kamar yadda wanda ya makara ya yi. Misalin da nake kawowa kullum shi ne Rali Jamil na mata, wanda aka fara a 2022 daga Ha'il zuwa Riyad, shekara huɗu bayan an ba mata izinin tuƙi, kuma ana cin sa ne da iya karanta hanya da daidaita tafiya. Bayanin kan ci mini rabin sa'a, mota tana kan jak tana jira, kuma rabin masu sauraren sukan fita da fuskar wanda aka hana abu.

Ɗan yayata da ke riƙe mana lissafin warsha ne ya ce, "Kawu, me zai hana mu ɗauki bayanin nan sau ɗaya da waya, duk wanda ya zo sai a tura masa?" Na amince, muka fita wata Asabar wajen Usfan, wani gari kusa da Jidda, da wayoyi biyu, muka ɗauki mota tana tafe tana ta da ƙura, muka ɗauke ta ta gaba da ta gefe, ya zauna da daddare ya jera hotunan a manhajar haɗa bidiyo ta CapCut ya ɗora muryata a kai. Bidiyon ya yi kyau a ido, amma bai koyar da kowa komai ba, har ma ya ƙara dagula mana lamari, domin a makon da ya biyo baya masu neman salansa sun ƙaru. Babban bakanikenmu, dattijon da na koyi aiki a hannunsa tun ina yaro, ya kalla sau ɗaya ya miƙo mini wayar ya ce, "Yaro, ka ce wasan karatu ne da lissafi, to ina mai karatun? Ni taya kawai na gani." Ban ji daɗin maganar ba a lokacin, amma ita ce ta gyara aikin.

A fita ta biyu mun ɗauke wayar daga wajen mota gaba ɗaya, muka ɗaure ɗaya a bayan kujerar mai karanta hanya, wanda Larabawa ke kira mallah, ta yadda za ta riƙa kallon takardar da ke kan cinyarsa da na'urar auna tafiya, ɗayar kuma muka manna ta a gilashin gaba tana kallon titi. Wannan ne ya ba mu damar raba allo gida biyu, mai kallo ya ga zanen mararraba a takarda a daidai lokacin da mararrabar kanta take matsowa. Littafin hanya, wanda shi ne ruhin wasan, yana da gidaje uku a kowane layi: na farko yana nuna nisan da aka ci tun daga mafari da nisan da ke tsakanin wannan alama da wadda ta gabace ta, na tsakiya yana ɗauke da zanen mararrabar, na uku kuma gargaɗi ne da ƙarin bayani. A zanen, ɗigo yana nuna inda ka fito, kan kibiya yana nuna inda za ka bi, kuma ana kiran irin wannan zane tulif saboda wata gasar ƙasar Holan mai wannan suna ce ta yaɗa shi. Alamar motsin rai ɗaya tana nufin a yi hattara, biyu a rage gudu sosai, uku kuwa haɗari ne babba. Na rubuta namu littafin da hannu, shafi huɗu, a kan hanyar da na sani kamar yunwar cikina tsakanin Usfan da Khulais, kuma mota ɗaya muka fita da ita muna bin dokar titi, domin tara motoci a yi gasa a hanyar jama'a sai da izinin hukuma, kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi kuma ba ruwansu da cewa kana koyarwa.

Sashen da ya fi ba ni wahala shi ne lissafin lokaci, domin da zarar an ambaci lissafi sai mai kallo ya kai yatsa ya wuce gaba. Na gwada bayani da allo a cikin warsha, na ga ni kaina barci yake sa ni, sai na mayar da shi cikin mota. Idan an ce ka riƙe matsakaicin gudun kilomita 48 a sa'a, ma'anarsa mita 800 a kowane minti ɗaya, don haka tafiyar kilomita 12 dole ta ci minti 15 cif. A bidiyon ana jin ɗan yayata yana duba agogo yana cewa, "Kawu, minti biyar, ya kamata muna kan kilomita huɗu, muna kan uku da ɗari takwas, ƙara kaɗan," ni kuma ina taɓa totur a hankali. Wanda ya ji wannan sau uku ya gane aikin ba tare da an zana masa komai ba, ya kuma gane cewa direba a wannan wasa mai bin umarni ne, ko da shi ne babba a gida.

A nan ne sana'ata ta shigo kai tsaye, shi ya sa na ba wannan sashe minti biyu cur duk da ɗan yayata ya so a rage. Yawancin masu fita daji suna sa wa motarsu tayar da ta fi ta kamfani girma, kuma taya babba tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, saboda haka malejin motar yakan nuna ƙasa da abin da aka yi tafiya a zahiri. Motar da muka yi amfani da ita ta nuna kilomita 9.6 a tazarar da muka auna kilomita 10 ce, wanda ke nufin bayan kilomita 50 an yi kuskuren kilomita 2, kuma wannan ya isa mutum ya wuce mararrabarsa yana rantsuwa cewa littafin ne ya yi ƙarya. Maganinsa shi ne a daidaita na'urar auna tafiya a kan tazarar da aka tabbatar kafin a tashi, a kuma riƙa gyara lambar a duk alamar da aka tabbata an iso. Na nuna yadda ake yi da na'urar da muke ɗaurawa a warsha, na kuma nuna yadda ake yi da manhajar waya, ko da yake na san faɗin haka zai rage mini ciniki, domin mai farawa bai kamata ya kashe kuɗi a kan na'ura ba kafin ya san ko wasan ya karɓe shi.

Ana cikin ɗaukar ne muka ɓata da gaske. Ɗan yayata ya tsallake layi ɗaya a littafin, ya sa ni na karya dama a inda ya kamata mu miƙe, muka yi kusan kilomita uku kafin ya lura cewa abin da ke gabanmu bai yi kama da zanen ba. Da muka dawo gida ya so ya yanke wannan wuri saboda kunya, ni kuwa na hana, domin a nan ne aka ga abin da ya kamata a yi: mun tsaya, ba mu yi ta gaba da fatan hanya za ta gyara kanta ba, mun koma alamar ƙarshe da muka tabbata da ita, muka mayar da lambar na'ura daidai da ta littafi, sannan muka ci gaba. Har gardamar da muka yi a cikin motar na bari, sai kalma ɗaya da ta kuɓuce mini wadda ba ta dace a ji ta daga bakin kawu ba. Daga nan ne muka ƙara shawarar cewa mai karatu ya riƙa soke kowane layi da biro da zarar an wuce shi.

Matsalolin ɗaukar kansu ƙanana ne amma masu cin rai. Wayar da ke manne a gilashi takan ɗauki zafi ta kashe kanta kafin azahar, shi ya sa muka koma fita bayan sallar asuba, kuma ƙarar iska da ta taya ta cinye muryoyinmu har sai da muka rufe gilasai muka sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga. Mun rufe lambobin motocin da suka gifta, mun kauce wa fuskokin mutane da gine-ginen hukuma, jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa da wani abokina ya yi tayin aro mana na ƙi karɓa, domin tashinsa yana buƙatar izinin hukumar jiragen sama.

Batun harshe ya ɗauke mu mako guda. Yaran da aka haifa a Jidda da Shara Mansur ta Makka suna jin Hausa a kunne amma Larabci suke karantawa, waɗanda suka zo daga Najeriya da Nijar da girmansu kuma boko suka sani. Muka tsayar da cewa magana duka da Hausa za a yi, rubutun da ke kan allo kuma ya zama lambobi da kalmomi kaɗan na Larabci. Na kuma gargaɗi masu kallo cewa direba da mai karatu su zaɓi harshe ɗaya tun kafin su tashi, domin wanda ya ce hagu yanzu ya ce yasar an jima zai sa direba ya tsaya fassara a daidai inda ya kamata ya juya sitiyari.

Daga hoton kusan sa'a uku muka fitar da minti 11. Yanzu idan saurayi ya shigo da maganar rali sai in tura masa bidiyon ta WhatsApp in ce ya kalla tare da wanda zai zauna a gefensa, su dawo tare. Da yawa ba sa dawowa, kuma cinikin salansa ya koma warshar da ke kallonmu. Waɗanda suka dawo kan nemi a duba birki da shokozoba, a ɗaura abin kashe gobara, a auna musu maleji, aikin da kuɗinsa bai kai na salansa ba amma yake dawo da mai mota duk bayan fita biyu ko uku. Biyu daga cikinsu 'yan'uwan juna ne mata, waɗanda mahaifinsu ya kawo da kansa ya ce in rubuta musu littafin hanya na gwaji, kuma ƙaramar ce ta gano cewa na juya kibiya a shafi na uku. Mun gyara shafin, bidiyo na biyu kuma, wanda zai yi bayanin rage iskar taya da fitar da mota idan ta kafe a yashi, yana jiran sanyin Disamba.