Mako uku ina shafa wa ƙazuwa maganin da ke ƙara mata ƙarfi

Wata bakwai auta take da shi lokacin da ƙurajen suka fara fito mata, cikin zafin watan Mayu. Na ce ƙurajen zafi ne, na sayo hoda, na rage mata kaya. Har yau in na tuna nakan ji haushi, domin a makon farko aka gaya mini gaskiya, ni ce na ƙi ji.

Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta zo mana wuni. Ta karɓi yarinyar, ta juya tafin ƙafarta, ta buɗe tsakankanin yatsun hannunta, ta ce, "Anya kuwa? Wannan ai ƙazuwa ce." Na sunkuyar da kai na ce, "To, Hajiya," amma raina ya ɓaci. A tunanina ƙazuwa ciwon ƙazanta ne, ni kuwa sau biyu nake yi wa 'yata wanka a rana. Na ɗauki maganar a matsayin gori. Tana fita na ɗauki hoton ƙurajen a waya, na nufi kemis ɗin layinmu.

Mai kemis ko yarinyar bai gani ba, hoto kawai ya kalla. Ya miƙo mini irin man shafawar nan mai haɗi uku da ake cewa yana maganin kowace cutar fata. Kwana biyu jan ya kwanta, ta samu barci, har na ce a raina da na bi ta Hajiya da na sha wahalar banza. Da na daina sai ya dawo fiye da da. Na sake saye. Kwali uku muka ƙarar cikin mako uku, ƙurajen suka mamaye tafin hannu, tafin ƙafa, hammata, har cikin gashin kai. Da dare takan riƙa goga ƙafa da ƙafa tana kuka har asuba. Daga baya wasu suka fashe suna fitar da mugunya, suka yi ɓawo launin zuma, jikinta ya yi zafi.

A asibiti likitar fata ba ta fara da yarinyar ba. Ta tambaye ni, "Maman yarinya, wa kuma ke susa a gidan?" Sai ta kama hannuna ta duba wuyan hannun. Ni kaina kwana goma ina susa da dare ina ɗora wa sauro. Ta nuna mini wani siririn layi a gefen tafin ƙafar auta, ta ce hanyar ƙwaron ƙazuwa ke nan. Wani ƙanƙanin ƙwaro ne da ido ba ya iya gani sosai, macen tana haƙa rami a fata tana saka ƙwai. A manya an fi ganinsa tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu da matsematsi, amma a jarirai yana kama tafin hannu da na ƙafa, fuska da kai. Ƙurajen zafi kuwa sun fi son wuya, ƙirji da baya, kuma ba sa yawo daga mutum zuwa mutum. Tafin ƙafar da Hajiya ta fara juyawa, shi likita ta juya.

Da na fito da kwalin man daga jaka, ta karanta ta girgiza kai. Akwai siteroyid mai ƙarfi a ciki. Aikinsa kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, ba ya kashe ƙwaron, yana ma raunana garkuwar fata, sai ƙwarin su yi ta hayayyafa ba a gani. Ga shi fatar jariri ba ta da kauri, tana zuƙe maganin fiye da ta babba. Wato mako ukun nan da hannuna nake share wa cutar fage. Ta ƙara da cewa miki mai mugunya ba abin wasa ba ne, ƙwayoyin cutar da ke shiga ta nan kan iya taɓa ƙodar yaro daga baya, don haka in na ga fuska ta kumbura ko fitsari ya yi duhu in dawo a guje.

Asalin abin ya fi komai ba ni mamaki. Yayanta ya zo hutu daga makarantar kwana a Afrilu yana susa, muka ce kuɗin cizo ne. Kullum tana hannunsa. Ashe wanda bai taɓa kamuwa ba yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ƙaiƙayin ya bayyana, shi ya sa lokacin da ya fito mata yaron ya daɗe da komawa, ban haɗa biyun ba.

Sai da aka ba ta maganin mikin, sannan aka rubuta mana man kashe ƙwaron, mai ɗauke da permethrin kashi 5, mu duka gidan, rana ɗaya, har wanda ba ya susa. Manya daga wuya zuwa ƙafa, har ƙarƙashin farce, ita kuma har da kai da fuska ban da ido da baki. A kwana da shi a wanke da safe, a maimaita bayan kwana 7. Zanin goyo da na gado muka wanke da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa muka ƙulle a leda mako guda, tunda ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku in ba ya jikin mutum. Maigidan ya so zamewa wai shi lafiyarsa lau, na tsaya kai da fata. Ƙaiƙayin bai tafi nan take ba, ya ƙara kusan mako uku, kuma da likita ba ta gargaɗe ni ba da na sake komawa kemis.

Don Allah, in yaro na susa da dare, ku duba hannun sauran mutanen gida kafin ku sayi komai, kuma kada a shafa wa jariri man da ba a san abin da ke ciki ba. Na je har ɗakin Hajiya na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, a ƙauye sun sha ganin ƙazuwa a gidajen masu tsafta. Auta ta warke, sai ɗan tabo a ƙafar hagu. Yayan kuwa mun kai masa magani makaranta, amma ba a yi wa 'yan ɗakinsu ba, hutun da ya biyo baya ya sake dawowa da ita. Yanzu tun daga zaure nake buɗe yatsunsa kafin ya ɗauke ta.