Asabar a Mew Lake: ɗumi a sama, sanyi a ƙasa

Goshina ne ya fara gaya mini halin da ake ciki. Da asuba na shimfiɗa darduma a ɗan lungun da ke tsakanin gado da ƙofa. Ina tsaye ina jin ɗumi har a kunnuwana, amma da na kai sujada sai na ji kamar na ɗora goshi a jikin randar da ta kwana a waje cikin hunturu. Nan na gane dalilin da ya sa auta ta kwana tana tari a gadon ƙasa, alhali yayanta da ke gadon sama ya ture bargo.

Jiya da yamma muka iso sansanin Mew Lake, cikin gandun dajin Algonquin a lardin Ontario, gefen babbar hanya mai lamba 60. Oktoba ce, ganyaye sun yi ja sun fara zuba, dare kuma akwai sanyi mai shiga ƙashi. Tirelar kwanan da muke ja da mota 'yar ƙarama ce, mu huɗu da kyar muke juyawa a ciki. Ba mu samu fili mai wutar lantarki ba, don haka batir da tukunyar gas ne jarinmu.

Da gari ya waye na ɗauki ma'aunin zafi na gwada. Kusa da rufi digiri 24 na Celsius, a ƙasa 11. Kenan hitar tirelar, mai aiki da gas, tana aikinta, ɗumin ne ya hau sama ya yi zamansa, iska mai sanyi kuwa, da yake ta fi nauyi, ta kwanta inda yarinyata take kwana. Abin ya dame ni ƙwarai, domin tun bara take fama da ƙirji.

Hitar tana ƙarƙashin bencin cin abinci. Tana zuƙo iskar ɗaki ta wata raga, ta zagaya da ita jikin ƙarfen da wuta ke ci a ciki, sannan ta tura ta cikin bututu. Hayaƙin yana fita waje ta hanyarsa daban. Da na durƙusa sai na tarar jakar takalma da kwalin taliya sun toshe ragar nan kusan gaba ɗaya, kuma ni na ajiye su da hannuna. Shi ya sa duk dare nake jin tana kamawa tana mutuwa. Idan iska ba ta wadace ta ba, cikinta yakan yi zafi fiye da kima, sai wani ɗan makunnin tsaro ya yanke wutar kafin ɗaki ya ɗumama.

Na kwance murfin bencin. Bututun da ke kai ɗumi wajen gadon yara, mai faɗin inci 4, akwatin kayan aiki ya danne shi ya lotse, ga kuma tsawon da ya yi yawa har ya naɗe sau biyu. Na yanke rarar, na miƙe shi, na ɗaure bakin da tef ɗin alminiyom. Wannan aikin ya cinye min hantsi.

Wani dattijo da ke filin kusa da namu ya ga na baza kaya a waje, ya zo ya leƙa. Da na yi masa bayani sai ya koma motarsa ya kawo min tsohuwar fankar kwamfuta mai volt 12, ya ƙi karɓar ko sisi. Na ɗaure ta a saman kabad, fuskarta ƙasa, na jona da wayar fitila. Ba ta da ƙara, kuma abin da take ci a batir bai kai rabin amfiya ɗaya ba, ita kuwa fankar hitar tana jan amfiya da dama. A ganina wannan 'yar fankar ta fi a ƙara wa hita wuta, don ƙarin wuta rufin kawai yake ƙara gasawa.

Da na ɗaga katifar auta na samu katakon ƙarƙashinta ya jiƙe. Numfashinmu ne da tururin girki suke zama raɓa a duk inda ya yi sanyi. Na fitar da katifar ta sha rana, na ɗaga murfin iska na rufi kamar faɗin yatsa.

"Maigida, ana neman ɗumi kai kuma kana buɗe kafa?" in ji uwargida. Ta ce ko a bar risho na gas a kunne na ɗan lokaci kafin kwanciya. Na ce a'a, wannan kam ba za a yi ba. Na tuna mata yadda a gida ake jan kunne kan kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, iskar da ke kisan ba ta da wari ba ta da launi. Na danna na'urar da ke gargaɗi kan irin wannan iska a gabanta ta yi kuwwa, hankalin kowa ya kwanta.

Yanzu bayan isha'i na sake gwadawa: sama 21, ƙasa 17. Na shimfiɗa tsohon bargo a daɓen, na sa wa auta safa. Ta yi barci, ban ji tari ba tukuna. Gobe in Allah ya kai mu zan tsaya a Huntsville in nemi siraran katako da zan jera ƙarƙashin katifar don iska ta riƙa ratsawa.