Godiya ga waɗanda suka taya mu gano asalin gonar kakanmu

Assalamu alaikum. A madadin Baffa, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, da gwaggonninmu da 'ya'ya da jikoki, ina miƙa godiya ga jama'ar da suka cika ƙofar gidanmu a ƙasar Minjibir ranar Asabar ɗin da ta wuce. An sauke Alƙur'ani, an yi wa magabata addu'a, sannan aka karanta takardun da muka shekara biyu muna bin sawunsu. Waɗanda suka taso daga birni, da na Ringim da na Gumel, Allah ya ba da ladan zumunci.

Duk wanda ya san mu ya san ba da daɗin rai aka fara wannan nema ba. Bayan rasuwar mahaifinmu, da aka zo rabon gado, maganar iyaka ta taso tsakaninmu da maƙwabtanmu na gabas. Gambar da ke kan iyakar ta daɗe da mutuwa, ɗorawar da ake kwatance da ita an sare, garmar shanu kuma kowace damina sai ta ɗan ci gefe. Magana ta yi zafi har aka daina gaisawa a bakin masallaci. Mu kuwa tun muna yara abin da muke ji shi ne kakan mahaifinmu ne ya sari wurin nan yana daji. Da wannan na dogara na ce zan nemo takarda. Hujjar da zan kai gaban alƙali nake nema a lokacin, tarihi bai zo mini a rai ba.

Godiya ta farko ta Gwaggo ce. Ita ta buɗe adakarta ta ciro tsohuwar gafakar da mahaifinta ya bar mata, wadda ta yi shekaru tana kare ta daga gara da ɗigar damina. A ciki muka tarar da rasiɗan haraji a ɗaure da zare, tun na fam da sule, zuwa na naira daga 1973, har suka tsaya a lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa a 1979. Ƙananan takardu ne, amma da muka jera su shekara bi shekara sai muka ga inda sunan tsohon ya ɓace, na ɗansa ya hau a matsayin maigida. Ta haka muka kintaci lokacin rasuwarsa, abin da babu mai iya faɗa mana a da. A can ƙasan gafakar akwai wata takarda guda, ta yi ja, an naɗe ta a ƙyallen saƙi. Kowa a gidan ya ɗauka addu'ar tsari ce, shi ya sa ba a taɓa warware ta ba. Mu ma ranar ba mu taɓa ta ba.

Ranka ya daɗe dagaci, mun gode. Ya ba mu tabarma a zaurensa kwana uku, ya sa aka fito da kundin da ya gada daga kakansa, na zamanin da malaman taki ke bin gonaki suna aunawa da ƙafa, suna rubuta sunan mai gona da girmanta don a yanka masa kuɗin ƙasa. A nan jikina ya fara sanyi. Tudun nan gaba ɗaya, har da inda muke nomawa, gona ɗaya ce a kundin, kuma da sunan kakan maƙwabtanmu aka rubuta ta. Na duba sama na duba ƙasa, babu sunan namu kakan. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko malamin ne ya yi kuskure?" Ya ce, "Yaro, kada ka yi wa takarda gaggawa. Je ka nemo 'yar'uwarta."

Na je Gidan Ɗan Hausa a Kano, na je ma'ajiyar tsofaffin takardu ta ƙasa da ke Kaduna. Ma'aikatan wuraren biyu sun karɓe ni da mutunci, sun nuna mini rahotannin da jami'an Turawa ke rubutawa idan sun zagaya gunduma: yawan gidaje, sana'o'i, abin da ake shukawa. Sunan talaka ɗaya ba ya fitowa a irin waɗannan, amma sun fahimtar da ni zamanin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, sai damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba har cikin 1914, mutanen arewa suka yi ta kwararowa ƙasar Kano neman abin kai wa baki. Na karanta wannan a matsayin labarin wasu.

Sai Baffa ya ce a kai takardar ƙyallen nan wurin wani dattijo da ya yi aikin rubutu a kotun alƙali har ya yi ritaya. Allah gafarta malam, ba mu da bakin gode maka. Idonsa ya yi rauni, sai da aka fito da shi hasken hantsi, ya bi rubutun da yatsa, Larabci ne da irin hannun malamanmu na allo, tawadar ta koɗe a wurare. Ya karanta sau biyu a zuci kafin ya ɗago ya ce, "Wannan ba addu'a ba ce, shaidar kyauta ce."

An rubuta ta a shekara ta 1346 bayan hijira, wato tsakanin 1927 da 1928, farkon sarautar Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Abin da ta ƙunsa shi ne kakan maƙwabtanmu ya tsaya gaban alƙali da shaidu biyu, ya ce gonar da ya ba wani masaƙi aro, mutumin Damagaram da ya sauka a gidansa shekarar yunwa, ya bar masa ita kyauta saboda Allah, kada wani magajinsa ya tayar da maganar bayan ransa. Aka zana iyakoki: burtali a yamma, rijiya a kudu, kuka a gabas. Masaƙin nan shi ne kakan mahaifinmu. Bai sari daji ba. Da yunwa ya zo, wani bawan Allah ya buɗe masa rumbu a shekarar da kowa ke ɓoye nasa, ya ba shi wurin shuka, bayan shekara goma sha uku ko sha huɗu ya mallaka masa. Kuma jikokin wannan mutumin ne nake shirin kai wa sammaci.

Baffa bai ce uffan ba har muka iso gida. Da magariba ya sa babbar riga, ya ce in ɗauko takardar mu tafi.

A gidan maƙwabtan namu akwai Iya, ta haura tamanin da biyar, ta ga tsohon da idonta tana yarinya. Da aka karanta mata sai ta ce, "Ai mun sani, ɗan nan. Babanmu ne ya hana a faɗa, ya ce gorin arziki ba ya cikin tarbiyyar gidan nan." Ita ta cike mana abin da takarda ba ta ɗauka ba: cewa masaƙin da mahaifiyarsa ya zo a kan jaki, ba shi da komai sai allera da ƙoshiya, kayan saƙarsa, cewa ya yi shekaru yana saƙa wa gidan fari da saƙi ba ya karɓar ko anini, kuma matar da ya aura, wadda duk muka fito daga tsatsonta, 'yar ƙanen maigidan ce. Kundin taki da rasiɗan haraji magidanta kawai suka sani, da ba don Iya ba da sunan wannan baiwar Allah ya tafi ke nan. Ashe duk tsawon rigimar nan da dangin kakarmu muke yi. Iya, Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Kukar tana nan. Da gari ya waye muka je da dagaci da mai unguwa aka ja igiya daga gindinta, sai ga shi mu ne muka shiga musu da kunya bakwai. Baffa ya ce a mayar musu nan take, har da amfanin bana. Babban gidansu, wanda yanzu Kawu nake ce masa, ya ƙi. Ya ce, "Abin da kakanmu ya bayar don Allah, ba mu za mu zo muna ƙirga shi da kunya ba." Aka yi ta ja, kowa na tura wa ɗan'uwansa, har dagaci ya raba: kunya bakwai ɗin a riƙa noma su tare, abin da aka samu a kai wa makarantar allon unguwa sadaka ga tsofaffin biyu. Kawu, ku yafe mana maganganun da suka fita daga bakinmu, musamman nawa. Na faɗa a gaban jama'a ranar Asabar, ina kuma maimaitawa a nan.

Ina gode wa matan gidajen biyu da suka kwana a bakin murhu, da matasan da suka ɗauki hoton kowace takarda da waya, da ƙanwata da ta zauna ta rubuta salsalar tun daga masaƙin har jariran bana. Takardun asali sun koma gafakarsu a wurin Gwaggo. Duk ɗan dangin da ke son kwafi, da fassarar Hausa da malam ya yi mana, ya tuntuɓi Baffa. Da ruwan farko za mu dasa sabuwar gamba a kan iyakar, bayan ƙaramar Salla kuma ni da Kawu za mu kama hanyar Damagaram da kwafin takardar a aljihu.