Akwatin Kawu da batirin da na yi gaggawar cirewa

Lokacin da kawuna ya yanke shawarar barin Agege ya koma gida Kano, ya nuna mini wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ya ce: "Ɗana, ga tarkacen gidan gem ɗina, in ba ka so mai bola ya ɗauka." A ciki akwai na'urorin wasan bidiyo guda biyu, Sega Mega Drive, wadda aka fara sayarwa a Japan a 1988, da Super Nintendo, da kasusuwan wasa masu yawa, da wani littafin rubutu wanda bangonsa ya yage.

Danshin Legas bai bar komai lafiya ba. Haƙoran tagullar da ke bakin kasusuwan sun yi kore, wataƙila har da laifinmu, domin muna yara mun saba hura musu iska da baki idan suka ƙi tashi, alhali tururin bakin ƙara musu tsatsa yake yi. Na sayo sinadarin goge kayan lantarki a Computer Village da ke Ikeja, na riƙa bin su da auduga ɗaya bayan ɗaya, sannan na yi odar wata ƙaramar na'ura mai suna Retrode, wadda take kwafe abin da ke cikin kaset zuwa kwamfuta.

Babban kuskurena ya faru ne tun kafin na'urar ta iso. Wasu kasusuwan suna da ƙaramin batir mai faɗin kwabo, CR2032, wanda shi ne yake riƙe da matakin da mai wasa ya kai. Ganin ya tsufa, sai na narke dalmar na ɗebe shi daga wani kaset domin in saka sabo, ban san cewa da zarar wutar batirin ta yanke, duk abin da aka ajiye ya tafi ba. Sunayen yaran unguwa da makin da suka ci, waɗanda na gani da idona kwana biyu kafin nan, suka goge. Tun daga ranar nake fara kwafewa kafin in taɓa sukurdireba.

Da na gama kwafe wasannin, na gwada lambobin tantancewarsu, wato lambobin da ke bambanta kowane wasa da wani, da na kundin masu adana tsofaffin wasanni, sai na tarar duk an riga an adana irinsu. Gaskiya raina ya ɗan sosu. Binciken da gidauniyar adana tarihin wasannin bidiyo mai suna Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba a sayar da su yanzu, amma rashinsu a kasuwa dabam, ɓacewarsu dabam. Abin da ya fi saurin salwanta shi ne kayan da aka ƙera wasan da su: zane-zane, takardun tsari da ainihin rubutun manhaja. Jordan Mechner, wanda ya ƙera wasan Prince of Persia a 1989, ya ɗauka nasa rubutun ya ɓace, sai a 2012 mahaifinsa ya aiko masa da wani kwali da ya tsinta a gida, aka samu faya-fayan a ciki, aka kwafe su aka ɗora a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja.

Wannan labari ne ya mayar da ni kan littafin da na kusa zubarwa. Kawu ya rubuta kuɗin kowane zagaye, da bashin da yara suka ci, da ranakun da NEPA ta ɗauke wuta aka tashi babu ciniki, da kuma sunayen da yaran suka laƙaba wa wasannin da Hausa domin ba sa iya karanta na jikin kaset. Na ɗauki hoton kowane shafi, na ajiye a wurare uku, littafin kuma yana cikin roba mai murfi tare da ƙullin sinadarin tsotse danshi. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan kira Kawu in karanta masa shafi guda, yana bayani ina naɗar muryarsa, ko da yake har yanzu ya ƙi faɗa mini wanda ya rubuta wa "ba zai biya ba" har sau huɗu.