Sarƙewar numfashi: inda citta da zuma ke aiki, da inda ba sa yi

Da hazon hunturu ya sauka a Zariya, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, kukan gidaje ɗaya ne: ƙirji ya cushe, numfashi sai da ƙyar. Sai a nufi masu kayan ƙamshi a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada. Ba laifi. Amma sarƙewar numfashi iri-iri ce, kuma wadda haɗin gida yake taimaka wa ita ce ta mura, da majina, da kaikayin maƙogwaro.

Ga wannan, a samu ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, a kankare a daddaka, a haɗa da kanumfari 3 ko 4 a ruwa kofi 2. A rufe tukunyar, ta tafasa minti 10. In aka bar ta a buɗe, ƙamshin da ake nema ya bi tururi. A tace, a bari ya zama ɗumi-ɗumi, sannan a zuba zuma cokalin shayi 1 ko 2 da rabin lemon tsami. Sau 2 ko 3 a rana ya isa. Busasshiyar citta irin ta Kachia ta fi ɗanya zafi, rabin cokalin shayi na garinta ya wadatar. Wuce haka ƙwannafi yake jawowa, musamman ga mai olsa. Jaririn da bai shekara ba kuwa ba a ba shi zuma ko ɗigo, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye masa jiki.

Sirace da na'a-na'a ko ganyen turare yana sassauta toshewar hanci, minti 5 zuwa 10, ga babba. Yara a ƙyale su, ƙunar ruwan zafi ta fi amfanin yawa. Kafur kuma kada ya kusanci bakin yaro ko hancinsa, yana sa jijjiga.

Fuka, wato asma, dabam ce. Hanyoyin iska ne suke ƙuntata, shi ya sa ake jin numfashin yana fito. Shayi ba ya buɗe su, tururi mai ƙamshi da turaren wuta da hayaƙin maganin sauro ma tayar da ita suke yi. In ta tashi, a zaunar da mutum a miƙe, a ba shi inhela mai salbutamol, fesawa ɗaya duk rabin minti zuwa minti ɗaya, har 10. In bai lafa ba, sai asibiti. Ga yaro, a huda gindin robar ruwa mai rabin lita daidai bakin inhelar, a fesa ciki, ya riƙa shaƙa ta bakin robar. Maganin ya fi isa huhu haka. Man habbatus sauda? Wani ƙaramin bincike a Jidda a 2017 ya nuna ɗan sauƙi ga masu shan miligiram 500 sau biyu a rana, amma tare da magungunansu suka sha. Zuƙar ganyen zaƙami da wasu ke yabawa ganganci ne: gubarsa ba ta da awo, tana jawo gushewar hankali da bugun zuciya.

Wadda ta fi ba da tsoro ita ce mai jego da ke haki. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan gazawar zuciya bayan haihuwa a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. In ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da filo, a tsayar da kunun a kai ta asibitin koyarwar da ke Shika ranar, kada a tsaya dafa saiwa.

Yaro mai tari da zazzaɓi a ƙirga masa numfashi na minti ɗaya cur yana natse. Sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa shekara, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki, alamar nimoniya ce. Tarin da ya wuce mako 2 da rama da gumin dare kuma a je a yi gwajin tibi. A cibiyar tibi da kuturta ta Saye da ke Zariya gwajin da maganin duk kyauta ne.