Laraba, mun raka Inna sansanin alhazai

Tun da asuba muke sansanin alhazai na Kano. Sai bayan la'asar aka kira sunan su Inna, aka ɗebe su a mota zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano. Tana riƙe da hannuna ta ce, "Auta, awa nawa za mu yi a sama?" Na ce mata kamar biyar. Wani jami'i da ke kusa ya ce, "Hajiya, bana ki sa ran shida zuwa bakwai."

Da na koma gida na buɗe taswira a waya. Daga Kano zuwa Jidda, in an miƙe, kusan kilomita 3,400 ne. Layin yana ratsa Chadi, ya keta Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Nisan yana nan yadda yake. Amma a ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF aka rufe sararin samaniyar ƙasar, ya zama dole jirage su zagaye. Ga ƙarin mai, ga ƙarin kuɗi, ga tsofaffi masu ciwon ƙafa a ƙunshe cikin kujera.

Na daɗe ina kallon layin nan, don ita ce hanyar da kakan Inna ya bi da ƙafa. Ta Borno suka fita, suka ratsa Wadai da Darfur, suka yada zango a El-Obeid. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙodago, wasu a gonakin auduga na Jazira, a tara abin da zai kai mutum Suwakin ya hau jirgin ruwa. Shekaru ake yi, har ana yi wa mai tafiya bankwana kamar ba zai dawo ba. Da yawa kuwa ba su dawo ba, can suka yi aure suka hayayyafa. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ma ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Ƙanen kakan Inna a Omdurman ya zauna, jikokinsa suna can, kuma rabon da a same su a waya tun bayan ƙaramar salla.

Jirgin ya tashi wajen tara na dare. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, don haka sai kusan asubahinsu za su sauka. Na hana Yaya kwanciya, muka zauna muna lissafi. Ƙarfe huɗu da wani abu Inna ta kira da wayar wata maƙwabciyar kujerarta. Ƙafarta ta kumbura amma lafiya lau. Ta ce in gaya wa Kawu ya ci gaba da gwada lambar 'yan Omdurman, ita kuma za ta tambayi Hausawan Sudan da ke Makka ko akwai wanda ya san inda suka gudu.