Gidan hayar da na saya da rani

Har yanzu in na tuna abin nan raina ɓaci yake wallahi. A watan Maris na 2023 na sayi gida wajen Ɗanbare, kusa da sabuwar jami'ar Bayero, ciki da falo guda uku da shago ɗaya a waje, lissafina ɗalibai da ƙananan ma'aikata ba sa yankewa a wajen, kuma hakan ne, ban yi wata guda ba duka suka kama.

Duk wanda na yi shawara da shi maganar takarda yake min. Ka tabbatar ba gidan gado ba ne, in na gado ne kowane magaji ya sa hannu, ka je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a duba maka, mai unguwa ya shaida, ka sa lauya. Duk na yi, na biya dillali la'adarsa, wannan ɓangaren lafiya lau. Amma ba wanda ya ce min ka tambayi ina ruwan layin yake bi.

Kuma fa alama tana gabana! Ranar da muka je gani na lura dokin ƙofar maƙwabta bulo biyu ne, wani ma uku, har sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga, ni kuwa nawa daidai yake da titi. Katangar gidan daga ƙasa zuwa gwiwa an yi mata sabon fenti mai duhu, sama kuma tsohon fenti ne. Na gani da idona, na ɗauka gyara ne mai gida ya yi don ya ja kuɗi.

Cikin Agusta, wajen ƙarfe biyun dare, ɗaya daga cikin 'yan hayan ya kira ni, ya ce Alhaji ruwa ya shigo mana har ɗaki. Da asuba na je na tarar da matarsa tana matse katifa a tsakar gida, kafet ya jiƙe sharkaf, buhun shinkafar mai shago biyu sun tafi, masai ya cika ya dawo. Ashe duk ruwan layin sama nan yake gangarowa, kwatar kuma shara ta toshe ta tun ba yau ba. Wani dattijo maƙwabci ya ce min, ɗana ai duk shekara haka ake, da ka tambaye mu da mun faɗa maka. Wannan maganar ta fi ruwan yi min ciwo, don sau uku na je gidan kafin na biya, ban taɓa tsayawa na gaisa da kowa a layin ba.

Mutum biyu suka tashi, na mayar musu da ragowar kuɗinsu don a ganina hakkinsu ne. Gyara kuma ya faɗo a mummunan lokaci, an cire tallafin mai tun Mayu, kuɗin tifar ƙasar ciko ya tashi, simintin da yake ƙasa da dubu 5 lokacin da na sayi gidan ya haura dubu 10 a Fabrairun 2024. Ɗaga daɓe, ɗaga ƙofofi, sabon rami, sannan na bi gida gida muka haɗa kuɗin yashe kwata, wasu suka bayar wasu suka ce sai an ga hali. Hayar kusan shekara biyu ta tafi a nan.

Don Allah in za ka sayi gidan haya ka je ka gan shi bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, in kuma rani ne ka duba dokin ƙofar mutane, ka shafa gindin katanga ka ji ko fulasta tana marmashewa, ka zauna da mai shayin layin ba tare da dillali ba. Satin da ya wuce wani ya kawo min tallan gida a Rimin Kebe, yana ta matsa min wai akwai masu so, na ce masa in yana nan har Agusta zan zo na gani.